Yawon kallon tsuntsaye a tsibirin Lesbos na Girka: wane mako, wane jagora, da abin da ke ɓata tafiya

Tambaya: Na daɗe ina kallon tsuntsaye a fadamun Haɗejiya da Nguru. Na ga wasu kamfanoni suna tallan kai mutane wani tsibirin Girka na mako guda a Afrilu ko Mayu, tare da jagora. Shin tafiyar ta cancanci kuɗinta? Wane lokaci ya fi, me zan gani, me zan tambaya kafin in biya, kuma yaya mai fasfon Najeriya zai shirya?

Malam, tsibirin da galibin tallace-tallacen nan ke nufi shi ne Lesbos, a gabashin Tekun Ejiyan, dab da gaɓar Turkiyya, har ana hango garuruwan tsallake da ido. Shi ne na uku a girma cikin tsibiran Girka, faɗinsa ya ɗan haura murabba'in kilomita 1,600, babban birninsa Mitilini. Tafiyar ta cancanci kuɗinta, amma sai an cika sharuɗɗa uku: ka zaɓi makon da ya dace da tsuntsayen da kake nema, ka samu jagoran da ke duba iska da hadari kowace asuba kafin ya ce ga inda aka nufa, kuma jagoran ya san cewa abin da kake nema ya bambanta da na Turawan da za ku zauna mota ɗaya. Na ukun ne mutanenmu suka fi mantawa da shi, shi ya sa za mu daɗe a kansa.

Tsuntsayen da suka yi hunturu a Afirka, in za su koma arewa yin sheƙa, sai sun ƙetare Sahara sannan su ƙetare Bahar Rum. Masu bin hanyar gabas suna isa tsibiran Ejiyan a galabaice, ga yunwa ga ƙishirwa, kuma Lesbos na da abin da ƙananan tsibiran duwatsu ba su da shi: ruwan daɗi, fadama, filayen gishiri, gonakin zaitun, daji da tsauni, duk a wurin da mota ke ratsawa daga gabas zuwa yamma cikin kamar awa biyu. An ga fiye da nau'i 300 a tsibirin, kuma ayarin da ya yi mako guda yana fita tun asuba a ƙarshen Afrilu yakan tashi da kimanin nau'i 150.

Maƙwabtaka da Turkiyya ta ƙara masa tsuntsaye biyu da suka sa sunansa ya fita. Na farko shi ne Sitta krueperi, ɗan mitsitsin tsuntsu da bai wuce santimita 13 ba, bayansa toka-toka mai shuɗi, goshinsa baƙi, girarsa fara, da jan tabo a ƙirji, yana saukowa jikin itace kai a ƙasa. Duk cikin Tarayyar Turai a Lesbos kaɗai yake sheƙa, a dajin itatuwan fayin masu ganye siri-siri, kuma ba ya ƙaura. Na biyu Emberiza cineracea, mai launin toka, namijin da kai da maƙogwaro ruwan ɗorawa mai ɗan kore. Shi ɗan ƙaura ne, yana hunturu a ƙasashen da ke gefen Bahar Maliya, ya dawo cikin Afrilu ya hau kan dutse a busassun tsaunukan yamma yana 'yar gajeriyar waƙarsa. Kowane kamfani zai yi maka alkawarin ƙoƙarin ganin waɗannan biyun, kuma in aka je lokacin da ya dace, da wuya a rasa su.

Yanzu ga inda lissafinka ya saɓa da na sauran ayari. An tsara tafiye-tafiyen nan ne domin mutanen Ingila da Holan da Jamus. Abin da zai sa su tsayar da mota suna murna, kai a bayan gida ka baro shi. In aka ji labarin zakaran ƙeƙuwa ya sauka a filin gishiri, motoci za su yi can, alhali kai kukansa ne ke hana ka jin na sauran tsuntsaye a Nguru. Balbela ma ba ta da yawa a can. Haka Cercotrichas galactotes, mai ɗaga jar wutsiya, wanda wasu ke jinkirta tafiyarsu zuwa Mayu dominsa, yana da dangi na zaune a dajin ƙayar Yobe da Borno. A ɗaya hannun kuma, tsuntsayen da jagora zai wuce ko waiwaye bai yi ba, saboda suna cike lambunan Turai, su ne sabbi a wurinka: Parus major, Cyanistes caeruleus, Turdus merula, Fringilla coelebs, Carduelis carduelis mai jar fuska, da Garrulus glandarius. In ka yi shiru, za ka dawo ka ga sunayensu a jerin ayari alhali ba ka taɓa ɗora musu madubin hangen nesa ba. Maganin abin shi ne ka nemi jerin tsuntsayen bara na makon da za ka je, ka yi wa duk wanda ba ka taɓa gani ba alama, ka aika wa jagoran wata guda kafin tafiya, ka kuma tuna masa a daren farko. Jagoran kirki yana jin daɗin irin wannan buƙatar, domin mai sauƙin biya ce.

Akwai kuma riba ta musamman ga wanda ya san fadamun Sahel. Baƙin da ke zuwa muku cin rani daga Oktoba zuwa Maris cikin kaya marasa ado, a Lesbos za ka gan su cikin adon aure. Chlidonias leucopterus, wanda ka saba gani fari-fari yana shawagi kan ruwan Dagona a Yobe, a farkon Mayu jikinsa baƙi wuluk ne da fararen fukafukai. Calidris ferruginea, ɗan tsuntsu mai tsinta a taɓo, ya koma ja. Ƙananan tsuntsayen da ke ɓuya shiru a cikin ƙaya duk rani, a can bakinsu ba ya rufuwa da waƙa. Galibin masu ratsa Lesbos daga gabashin nahiyar Afirka suke fitowa, wato Chadi da Sudan da Habasha da abin da ya yi kudu, amma jinsin da yawa ɗaya ne da naku, kuma sanin da ka yi musu cikin shigar hunturu ilimi ne da mafi yawan 'yan ayarin ba su da shi.

Maganar lokaci. Kakar tana farawa kusan tsakiyar Afrilu ta ƙare tsakiyar Mayu, kuma bambancin mako guda babba ne.

A tsakiyar Afrilu fadamu cike suke da ruwa, furanni sun buɗe, mutane ba su yi yawa ba. Lokacin agwagin ƙaura ne da zalɓe iri-iri da ƙananan kajin ruwa masu ɓuya cikin kyauro, da masu cafke ƙudaje irin Ficedula albicollis mai farin wuya. Amma masu zuwa a makare ba su iso ba tukuna. Makon ƙarshe na Afrilu da makon farko na Mayu su ne tsakiyar kaka, inda na farko ba su gama wucewa ba na ƙarshe kuma sun fara isowa. A kwanakin nan ne Emberiza melanocephala, mai baƙin kai da ciki ruwan ɗorawa, ke isowa daga Indiya: yau babu ko ɗaya, bayan kwana biyu kowace wayar lantarki da namiji a kai yana waƙa. A nan ne kuma ake samun shaho mai jan ƙafa, Falco vespertinus, jere kan wayoyin filayen Kalloni, da garken masu cin ƙudan zuma, da dangin Lanius huɗu, masu tsire fara da ƙadangare jikin ƙaya. Ɗaya daga cikinsu, Lanius nubicus, a Sahel yake hunturu. Daga mako na biyu na Mayu, masu wucewa sun ragu, ƙananan kududdufai sun fara ƙafewa, amma Hippolais olivetorum ya zauna yana waƙa, shahon Falco eleonorae ya dawo daga Madagaska, kuma a wasu shekarun garken Pastor roseus, mai ruwan hoda da baƙi, na cika itatuwa. Sai dai a lokacin 'ya'yan Sitta krueperi sun bar rami, iyalin sun bazu cikin daji sun yi shiru, nemansu ya koma aikin awanni.

Ga mai zuwan fari daga ƙasar Hausa, shawararmu ita ce makon da ya faro tsakanin 22 da 30 ga Afrilu. Illarsa cunkoso: otal-otal sun cika, kuma a wuraren da suka yi suna za ka iske motoci da dama sun riga ku. Ka duba kalanda kuma. Ista na cocin Otodoks, wanda Girkawa ke bi, ba ya zama rana ɗaya, a 2027 zai faɗo 2 ga Mayu, kuma a makonsa jirage na cika, shaguna na rufewa. Ranar 1 ga Mayu hutun ma'aikata ne, kuma sau da yawa jiragen ruwa ba sa tashi saboda yajin aiki. Babbar Sallah ma a shekarun nan tana matsowa cikin Mayu. Yawan ruwan fadama ya dogara ne da ruwan saman da aka yi da hunturu, saboda haka ba laifi ka tambayi kamfanin a watan Maris yadda ruwa yake bana.

Kusan duk ayari a Skala Kallonis suke sauka, wani ƙauyen masunta a bakin Gulbin Kalloni, inda teku ya shigo cikin tsibirin, tafiyar kamar awa guda daga filin jirgin Mitilini. A tsakiyar tsibirin yake, ko'ina za a je a dawo a yini. A wannan gulbin ne Aristotil, masanin Girka na da, ya yi nazarin halittun ruwa fiye da shekara 2,300 da suka wuce. In kamfani ya ce zai sauke ku a Mitilini, ko zai riƙa sauya muku otal, ka tambayi dalili, domin duk awar da aka ɓata a hanya da safe asarar mafi kyawun lokacin yini ce.

Yini yakan fara da fitar sassafe, wajen ƙarfe shida, zuwa wuri na kusa. Tafkin Metochi ɗan ƙarami ne, kewaye da kyauro, kuma ƙananan kajin ruwa da ɗan zalɓen Ixobrychus minutus suna fitowa gefen ruwa ne kafin rana ta haska shi. Wanda ya iso ƙarfe takwas yana buga ƙofar mota, kunkuru kawai zai gani. Ana komawa karin kumallo, a sake fita har yamma da abincin rana a jaka, da dare kuma a zauna a karanta jerin abin da aka gani. Tafiyar ƙafa ba ta da yawa, akasari sauka ne daga mota a tsaya. Kogin Tsiknias da ke gabas da ƙauyen ana binsa a hankali ta turbar gefensa har bakin teku, kuma abin da ke cikinsa na sauyawa daga safe zuwa yamma, shi ya sa ake komawa sau da yawa.

Filayen gishirin Kalloni masana'anta ce mai aiki, ba a shiga ciki, daga hanyar da ta kewaye ta da ɗakunan leƙe ake kallo. Akwai tsuntsun filamingo da yawa, da baƙar shamuwa, da jar agwagwa Tadorna ferruginea, da tarin ƙananan masu tsinta a taɓo. Kuskure biyu ake yi a nan. Na farko tsayawa ana fuskantar rana, sai kowane tsuntsu ya zama baƙar inuwa. Ka tsaya inda rana ke bayanka, wato gefen gabas da safe, gefen yamma da la'asar. Na biyu zuwa da tsakar rana: daga wajen sha ɗaya zuwa uku, zafin da ke tashi daga ƙasa yana sa hoto rawa a cikin babban madubi, kuma duk yadda ka ƙara ƙarfinsa rawar ce ke ƙaruwa. Jagoran da ya san aikinsa yana kai ku daji ko tsauni a waɗannan awannin. Dajin Achladeri, gidan Sitta krueperi, yana kudu maso gabas da filayen, kuma da kunne ake fara samunsa kafin ido. Kusa da garin Kalloni akwai itatuwan turare da 'yar ƙaramar mujiya Otus scops ke yini a ciki, ta manne da jikin itace, launinta sak da ɓawon. Ba tare da wanda ya san reshen ba, za ka iya tsayawa a ƙarƙashinta rabin awa ba ka gan ta ba.

Yammacin tsibirin wata duniya ce daban, ƙasar tsohon dutse mai aman wuta, ba itatuwa sai ƙaya da duwatsu. Gidan ibadar sufayen Kirista na Ipsilou yana kan ƙololuwar wani tsauni, kuma 'yan itatuwan da ke gangarensa su ne mafakar duk ɗan tsuntsun da ya gaji. Nan ne wurin Emberiza cineracea, da Emberiza caesia mai shuɗin kai da jan ciki, da Sitta neumayer mai gina sheƙar laka a jikin dutse. Hawan yana da tsayi, kuma iska na kaɗawa da sanyi ko da ana zafi a Kalloni. Daga nan a gangara Sigri da gonakin ɓauren Faneromeni da kwarin Meladia. A yankin ne kuma wani daji da itatuwansa suka koma dutse yake, mai shekaru kusan miliyan 20, da gidan tarihinsa a Sigri. A arewa akwai kwarin Napi, mai kyau ga shaho da mikiya, da gaɓar Kavaki tsakanin Petra da Molibos, inda aka daɗe ana zuwa neman Curruca ruppeli, mai baƙin maƙogwaro da farin gashin baki, wanda ke hunturu a Chadi da Sudan. Ya yi ƙaranci a wurin a shekarun baya-bayan nan, don haka in yana cikin burinka, ka tambayi kamfani ko sun gan shi bara, kuma a ina.

Dalilin da ya sa muka ce jagora ya riƙa duba sama kuwa, ƙananan tsuntsaye da dare suke tafiya. In sama ta yi garau kuma iska na turo su daga kudu, wucewa suke yi can sama, gari ya waye daji wayam. In kuwa gab da asuba suka yi karo da iskar arewa, ko gajimare mai kauri, ko yayyafi, dole su faɗa ƙasar farko da suka gani, kuma gaɓar yamma ta fi samun wannan rabo. A irin wannan safiyar, kowane ɗan kurmi a Faneromeni ko Ipsilou na iya ɗauke da tsuntsaye goma, wasu a kan waya, wasu a ƙasa tsakiyar hanya saboda gajiya. Abin ba ya daɗewa, wani lokaci kafin azahar sun ci sun watse, in dare ya yi kyau kuma sun tashi gaba ɗaya. Daga Skala Kallonis zuwa Sigri tafiyar sama da awa guda ce, saboda haka sai an yanke shawara tun dare, an bar karin kumallon otal, an fita da duhu. Kamfanin da ya rubuta cewa Talata ce ranar Sigri ko da me sama ta yi, zai iya kai ku ran da babu komai, ku kuma yini a dajin fayin ran da yamma ta cika. Haka in iska ta yi ƙarfi, tsuntsayen tsauni suna daina waƙa su kwanta cikin duwatsu, kuma abin yi shi ne a koma kwarin Potamia ko wani wuri mai kariya. Jagorori suna ba juna labari ta waya duk yini. Wannan sanin, da wannan zumuncin, su ne ainihin abin da kake biya.

Kafin ka tura ko kwabo, ka yi tambayoyi a rubuce. Mutum nawa ne a mota, kuma jagora nawa? A ƙaramar bas mai kujera tara, shida ko bakwai ga jagora ɗaya ya isa, kowa ya samu taga, a riƙa sauya wurin zama kullum. In mutum goma sha huɗu na bin madubi ɗaya, kafin layi ya iso kanka tsuntsu ya tashi. Shin kuɗin ya haɗa da tikitin jirgi daga Ingila? Da yawa haka suke, kai kuma ba ka buƙatarsa, sai ka nemi farashin da babu jirgi, ka kuma ji wa zai ɗauko ka daga filin jirgin Mitilini in saukarka ta saɓa da tasu. Wane abinci ke ciki, kuma nawa ne ƙarin kuɗin ɗaki kai kaɗai? Mutum nawa ake jira su yi rajista kafin a tabbatar da tafiyar? Kada ka sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin ka ga tabbacin nan a rubuce. Me za a mayar maka in aka hana ka biza? Kamfanonin da suka saba da Turawa sau da yawa ba su da tanadi kan wannan, sai ka sa an rubuta. Ka kuma tambaya ko ayarin na masu kallo ne ko na masu ɗaukar hoto, domin mai hoto zai so ya yi awa biyu kan tsuntsu ɗaya yana jiran haske, mai kallo kuwa yana son a ƙara gaba. Haɗa su mota ɗaya na kawo ɓacin rai tun rana ta biyu.

Ana iya zuwa ba jagora, a yi hayar mota, kuma ya fi arha. Ana tuƙi a hannun dama kamar Najeriya, ana buƙatar lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa. Amma wurare masu kyau da yawa a kan turbar ƙasa suke, inshorar motar haya galibi ba ta ɗaukar lalacewar taya da ƙarƙashin mota, turbar Meladia na da duwatsu, kuma mashigin Tsiknias kan cika bayan ruwan sama. Ga mai zuwan fari wanda bai san waƙoƙin Turai ba, jagora ya fi. Tsaka-tsaki shi ne a ɗauki jagoran gari na kwana biyu ko uku, sauran kwanakin mutum ya yi da kansa.

Kayan aiki ba su da yawa. Madubin hangen nesa na hannu mai lamba 8x42 ya wadatar, kuma gara wanda hannunka ya saba da shi da sabon da ka saya a filin jirgi. Babban madubi mai ƙafa uku yana da amfani a filin gishiri da bakin teku, in kana da shi ka sa ƙafafun cikin babban akwati, madubin kuma a jakar hannu. Littafin Collins Bird Guide shi ne wanda kusan kowa ke riƙewa. Ka sauke manhajar Merlin, mai taimakawa wajen gane tsuntsaye da waƙoƙinsu, da kundin yankin tun kana gida, ka riƙa sauraron waƙoƙin tsuntsaye goma ko goma sha biyar da ka fi so har su zauna maka, ka kuma koyi sunayensu na Ingilishi, domin da su jagora zai riƙa kira cikin sauri. Da rana ana samun kusan maki 20 a ma'aunin zafi, da asuba kuwa yana sauka wajen 10, ga iska, don haka ka ɗauki rigar sanyi da ta ruwa, kaya masu duhu-duhu, hula da takalmi rufaffe. Farar riga mai faɗi da iska ke kaɗawa tana korar tsuntsu tun daga nesa. A sa ƙafar wando cikin safa saboda kaska, kada a cusa hannu ƙarƙashin dutse domin akwai maciji mai dafi a tsibirin, karnukan makiyaya kuma ba a gudu a gabansu, a koma mota a hankali. Lambar gaggawa ita ce 112.

Girka na cikin yankin Shengen, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya. Kuɗin biza yuro 90 ne tun Yunin 2024, ban da na cibiyar karɓar takardu. Ana iya nema tun wata shida kafin tafiya, amsa kan ɗauki kwana 15, tana iya kaiwa 45. Ana buƙatar fasfo mai sauran aƙalla wata uku bayan ranar fitowarka da shafi biyu babu komai, inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000, shaidar masauki da ta kama kujerar jirgin zuwa da dawowa, bayanan banki, da shaidar aiki ko kasuwanci. Wasiƙar kamfanin mai ɗauke da sunanka, ranaku, otal da shaidar biya tana da nauyi ƙwarai. Girka na da ofishin jakadanci a Abuja. Mutanen Nijar da Chadi da sauran wurare su bincika wace ƙasar Shengen ce ke karɓar takardu a madadin Girka. Hanya ita ce zuwa Atens ta Istanbul ko Alƙahira ko Adis Ababa, daga nan jirgin cikin gida na kusan awa guda zuwa Mitilini, ko jirgin ruwa mai kwana a hanya daga Firiyas, tashar jiragen ruwan Atens. A Atens ake duba fasfo, don haka ka bar aƙalla awa uku tsakanin jirage, ka kuma isa tsibirin kwana guda kafin ayari. Katin naira ba abin dogaro ba ne a waje, ka riƙe tsabar yuro don ƙauyuka, da katin rigakafin shawara.

Akwai maganar da tallan ba zai gaya maka ba. Lesbos kan iyaka ne, dubban ɗaruruwan 'yan gudun hijira sun sauka nan a 2015, sansanin Moriya ya ƙone a Satumbar 2020, kuma har yanzu ana sintiri a gaɓar arewa da gabas. Baƙin mutum mai madubin hangen nesa a bakin teku na iya fuskantar tambaya fiye da abokan tafiyarsa. Fasfonka ya kasance a jikinka kullum, tare da kwafin wasiƙar kamfani da katin otal. Akwai wuraren soja da alamar hana ɗaukar hoto, kada ka nufe su da madubi ko kyamara ko da wane tsuntsu ne a kan shingen.

Agogon Girka a wannan lokacin yana gaban na Najeriya da awa biyu, rana na fitowa bayan shida da 'yan mintoci, ta faɗi wajen takwas. Alƙibla daga can kudu maso gabas take, ba gabas ba. Ka shaida wa jagora tun farko cewa za ka buƙaci mintoci kaɗan don salla, lokacin abincin rana ya dace da azahar. Abinci ba matsala: ƙananan kifayen Gulbin Kalloni sun yi suna, ga wake, cuku, ƙwai da man zaitun. Amma tsiren Girka da burodin da ake naɗe muku na rana sau da yawa da naman alade ne, sai ka rubuta buƙatarka a takardar rajista, ka maimaita wa otal. Farin abin shan nan da ake kira uzo, wanda ake miƙa wa baƙo don karramawa, barasa ce.

A wurin sheƙa kuma a yi hattara. Ramin Sitta krueperi guda na iya samun baƙi ayari bayan ayari a yini, in kowa ya matsa taku biyar, iyayen sai su tsaya da tsutsa a baki su kasa shiga. In ka ga haka, kun yi kusa, ku ja baya. Kunna waƙar tsuntsu a waya don janyo shi yana sa namiji ya bar cin abinci da gadin gida yana neman abokin hamayyar da babu shi, kuma a wurin da ake zuwa kullum illar na taruwa. Ka tambayi kamfani matsayinsa kan wannan ma. Kada a tare wa manoma turba da mota, a rufe duk ƙofar shingen da aka buɗe.

Makonnin tsakiyar kaka suna cika da wuri. Ka kama wuri tsakanin Oktoba da Disamba, ka karɓi wasiƙar kamfani a Janairu, ka shigar da takardun biza kafin Fabrairu ya ƙare, ka sayi tikiti bayan biza ta fito, sannan a farkon Afrilu ka aika wa jagora jerin tsuntsayen da ka yi wa alama.